Takalman da Ban Duba Tafinsu Ba

Matar da ta koya mini sana'ar takalmi abu ɗaya ta fara gaya mini: ki juya shi. Samansa na mai saye ne, ƙasansa naki ne. Tun ina yawo gida-gida a Kano da jaka a kafaɗa ina tallata silifas ga matan aure, har Allah ya kai ni Guangzhou ina cika kwantena, ban taɓa ɗaukar takalmin da ban juya na ga tafinsa ba, na lanƙwasa shi, na sa farce na ƙwaƙuli inda aka manna gam. Sau ɗaya na karya wannan doka, a shekarar da Sinawa suka karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. A lokacin ina cikin idda.

Uban 'yata shi ya fara zuwa Sin, daga baya ya ɗauko ni. Muna da ɗan ofis a unguwar Dengfeng, a saman wani shagon waya. Rajistar kamfani da sunansa take, takardar zamana kuma a jingine take da tasa, a matsayin matarsa. Yarinyar muka bar ta wurin mahaifiyata saboda makaranta. Ba zan ɓata shi ba don mun rabu. Shi ya koya mini shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da na ɓata ba, kuma duk lokacin da danshin garin nan ya shige mini ƙirji shi yake tashi ya dafa mini shayi da citta. Amma kasuwa ba ta san wa ya ɗauko wani ba. Hajiyoyin da ke zuwa saro daga gida wayata suke kira. Sinawan kasuwa suka fara ce mini lawban, wato mai shago, a gabansa. Da farko dariya yake yi. Daga baya ya daina.

Wata rana masana'anta ta kira cewa an samu matsala a ɗinkin wani kaya da za a loda. Na neme shi a waya ban samu ba, na hau mota na tafi bayan gari ni kaɗai, na gyara abin, na dawo dab da magariba. Na tarar da shi a tsaye a tsakiyar ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya faɗi kalmar saki sau ɗaya, ya haɗa kayansa a jaka, ya koma wurin wani abokinsa. Yana jiran in tura a ba shi haƙuri, ina jiran ya dawo da ƙafarsa. Haka kwanaki suka yi ta tafiya ba wanda ya motsa.

Na tambayi malami, ya ce in fita da rana in nemi abincina in dawo kafin duhu. Na ci gaba da fita. Jikina yana kasuwa, amma kunnena yana kan waya. A wannan hali ne wani mai shago a kasuwar takalma ta bayan tashar jirgin ƙasa ya jawo ni ciki, ya buɗe mini kwali. Takalman mata ne masu tsini, siririyar igiya tana zagaye idon sawu, ja da baƙi da ruwan zinariya, ɗinkinsu kamar an zana da alƙalami. Ya faɗi farashin da ya kamata a ce ya sa ni zargi. Ni kuwa bikin bayan salla kawai na hango, da ƙawayen amarya a jere. Na shafa samansu na ce a ɗaure mini duka.

Bayan kwana biyu wata tsohuwar abokiyar cinikina ta sauka daga Kano, babbar Hajiya mai shaguna, wadda bakinta ba ya da linzami. Na buɗe mata kwali ina taƙama. Ta ɗauki guda, ta yi abin da ya kamata in yi. Ta juya shi.

“Ke, zo nan. Wannan mene ne?”

Tafin ba roba ba ne, ba kuma busasshiyar fata ba. Wata fata ce mai laushi, mai gashi-gashi, siririya kamar kunnen ɗan akuya.

“Wannan ai na 'yan aljanna ne, waɗanda ba su taka ƙasa,” in ji ta. “A Kano wa za ki sayar wa? Daga zaure zuwa ƙofar mota ya gama aiki. In kuwa aka yi yayyafi, sai dai amarya ta koma gida a goye.”

Na karɓi takalmin na shafa tafin da yatsa.

“Ke da kike juya takalman mutane a ƙofar masallaci?” Ta dube ni da kyau, sai muryarta ta sauka. “Har yanzu bai dawo ba ke nan.”

Na ce bai dawo ba.

Washegari na koma wurin mai shagon. Kafin in gama magana ya fara kaɗa hannu yana cewa meyo, meyo, wato babu, ba a mayar da kaya. Na san haka tun kafin in zo. Na jawo kujera na zauna a bakin shagonsa na ce ba faɗa na zo yi ba, ya gaya mini wa aka yi wa takalman nan, domin ba wanda zai ɗinka irin wannan tafin da gangan sai da dalili. Da ya ga ba ni da niyyar tashi, ya ɗaga waya ya kira wani, wanin ya kira wata.

Matar da ta zo ta haura sittin, doguwa, busasshiya, gashinta fari a ɗaure tamau. 'Yar Ajantina ce, ta daɗe tana sa a ɗinka mata takalma a Guangzhou tana aikawa ƙasarsu. Waɗannan nata ne, masana'anta ta makara har jirgin ruwan ya tashi, ta ƙi karɓa. Turancinta na kasuwa ne kamar nawa, don haka muka fahimci juna da wuri. Ta ɗauki guda, ta cire nata, ta saka, ta tsaya a kan ƙafa ɗaya a tayil ɗin shagon, ta juya gaba ɗaya kamar ƙyauren ƙofa.

“Ba don tafiya aka yi su ba,” ta ce. “Na rawa ne. Tango.”

Na ce, “Mama, ni ban san wannan ba. Abin da na sani ina da kwalaye cike da ɗaki. Ki saye su.”

Ta ce ta riga ta sa an yi mata wasu. Amma ta daɗe tana kallona, da mayafina da idanuna, ban san me ta gani ba. Sannan ta ce akwai Sinawa masu koyon rawar a tsallaken kogi, suna haɗuwa ranar Lahadi da la'asar, yawancin matan da takalmin ofis suke fama. In zo da jaka.

Na yi ta juya maganar. Ni ba mai zuwa gidan rawa ba ce. Amma kayana ne, kuma ba wanda zai sayar mini da su. Na bari sai da iddata ta cika, uban 'yata bai kira ba har ranar ƙarshe. Lahadin da ta biyo baya na cika jakar Gana-mas-go na haye kogi.

Wani dogon ɗaki ne a saman shagon kujeru, daɓen katako, tagogi a buɗe, fankoki suna juya zafi. Ba giya, ba ihu. Ma'aikatan ofis ne da malaman makaranta, har da wasu tsofaffi mata da miji. Na samu lungu kusa da ƙofa na baje kayana. Mama ta ɗaga guda sama ta yi musu magana, kafin ka ce kwabo mata sun zagaye ni suna gwadawa. A nan na koyi cewa wannan takalmi ba a sayensa da sarari kamar na biki, sai ya kama ƙafa kamar safa. Na daina miƙa musu lambar da suka faɗa, na koma miƙa wadda ke ƙasa da ita, ciniki ya miƙe.

Da aka kunna kiɗan kowa ya watse ya bar ni. Akwai goge a ciki, da wani abu da Mama ta nuna mini hotonsa, kamar zugazugin maƙera, ana ja ana matsewa yana numfashi. Sai murya ta shigo, ta namiji, mai kauri, kamar wanda ya kwana bai yi barci ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ajiye takalmin da ke hannuna.

Mama ba ta cika rawa ba saboda gwiwa. Ta zo ta zauna kusa da ni tana fifita.

“Me yake cewa?”

“Ta tafi ta bar shi. Ya koma unguwarsu, gidan ma an rushe.”

Waƙa ta biyu ta shigo. Na sake tambaya.

“Wannan ma ta tafi. Yana zaune yana kallon ruwan sama.”

“Ta uku fa?”

“Shi ya tafi, yanzu yana da-na-sani.”

Na ce, “Mama, mazan ƙasarku ba su da sana'a ne? Kowa sai kuka?”

Ta yi dariya har da tari. Ta ce suna da sana'a, dako suke yi a tashar jiragen ruwa, kakanninsu baƙi ne da suka bar garuruwansu suka haye teku neman abinci, suka kwana su da yawa a ɗaki ɗaya, ba mata ba dangi. Ta nuna ni da maficinta. “Kamar ku a Dengfeng.”

Gaskiya ta faɗa.

Wani abu kuma na lura da shi, don idon ɗan kasuwa ba ya hutawa. Ba namijin da ke tasowa ya zo gaban mace ya ce ta taso. Daga inda yake zaune zai dube ta. In ta riƙe idonsa, sai ya ɗan sunkuyar da kai, su haɗu a fili. In ba ta so, sai ta kau da kai ta kalli taga, shi ke nan, ba wanda ya ji kunya. Mama ita ta koya musu haka, ta ce al'adar gidajen rawar ƙasarsu ce.

“Mace ba ta buƙatar ta buɗe baki,” ta ce. “Ki kalli wani wuri kawai.”

Na ci gaba da zuwa duk Lahadi, kwalaye suna raguwa. Amma a waje gari yana ta ƙunci. Tun farkon bazara aka fara matse biza saboda wasannin. Da can in taka ta kusa mutuwa sai ka tsallaka Hong Kong ko Macau a buga maka sabuwa ka dawo. Sai aka wayi gari an ce kowa ya koma ƙasarsu ya nema. Ana tsayar da mutane a hanya ana duba fasfo. Na san maza majiya ƙarfi da tasu ta mutu suka kulle kansu a ɗaki, ana kai musu abinci a leda, in an ƙwanƙwasa ƙofa su haɗiye numfashi. Tawa takardar saura 'yan makonni, kuma ba za a sabunta ta ba sai in ni matarsa ce. In na koma gida ba wanda ya san yaushe za a sake ba da biza, kuma abokin ciniki ba ya jiran kowa, wanda ya samu a kan kujera shi yake ba aiki.

A daidai nan ne dattijon da muke kira Baba ya aiko in zo. Shi ne babbanmu a unguwar, shi ke raba faɗa, shi ke tsayawa in an yi rasuwa. Na same shi a shagonsa na tura kaya, a kan buhunan da ke jiran awo.

“'Yata, mutumin nan ya zo wurina. Yana so a mayar da aure.”

Na ce, “Baba, da yana so ai da ya mayar tun ina cikin idda, ba sai ya nemi kowa ba.”

“Zuciya ce irin ta maza. Yanzu ta sauka. Ya rame, wallahi in kin gan shi sai kin tausaya. Ga yarinya a tsakani. Ga kuma maganar takarda, kada mu yaudari juna. In aka ɗaura, da safe zai kai fasfonki a sabunta.” Ya gyara zama. “Abu ɗaya ya roƙa. Ki riƙe ofis, shi ya riƙa fita kasuwa da masana'anta. Ai hutu ne ma a gare ki.”

Na ce a ba ni zuwa Juma'a ta sama.

Ba zan yi ƙarya ba, da murna na fito daga shagon nan. Ya neme ni. Abin da na yi wata da watanni ina jira ke nan. Duk wadda na gaya wa a cikin matanmu amsa ɗaya take ba ni: tunda har yanzu zuciyarki na wurinsa, me kike jira? Haka aka raine mu. In kina son sa ki koma ki yi haƙuri, in kin ƙi komawa to ba kya son sa. Ni ma ban san akwai hanya ta uku ba. Amma duk lokacin da na hango kaina a zaune a ofis ɗin nan, ina jin hayaniyar titi ta taga, wani yana can yana zaɓo mini takalmin da zan sayar, sai murnar ta koma ciki.

Ranar Lahadi na tafi da ragowar kaya, ban iya ko ciniki da kyau ba. Mama ta gane. Na gaya mata komai a taƙaice. Ba ta ba ni shawara ba. Ta tashi ta je wurin mai kunna kiɗa ta yi masa magana, ta dawo ta zauna.

Wannan karon muryar mace ce, ba ta kuka, kamar tana ba da labari ga maƙwabciya ta kan katanga. Mama ta matso tana fassara mini a hankali, layi bayan layi. Matar tana cewa har yau in ta tashi da safe kofi biyu take saukowa da su, sai ta tuna ta mayar da ɗaya. Tana cewa ta buɗe tagar da ya hana a buɗe, iska tana shigowa tana watsa mata takardu, ba ta tashi ta rufe. In ya dawo za ta gane takunsa tun daga ƙasan bene, zuciyarta za ta ruga ta buɗe masa ƙofa, ita kuwa za ta ci gaba da zama a kujerarta.

Na ce, “To wanne ne? Tana son sa ko ba ta son sa?”

“Duka biyun.”

“Ai ba a yin duka biyun.”

“Wa ya ce? Dube su.” Ta nuna masu rawa. “A kan wannan suke takawa.”

Na roƙa a sake kunna ta. Aka sake. Na zauna a lungun nan da takalmi a cinya, na bar hawaye suka yi abin da suke so, abin da ban yi ba tun ranar da ya fita. Da waƙar ta ƙare na goge fuska da gefen mayafi na sayar da ƙafa biyu ga wata malamar makaranta.

Da zan tafi Mama ta riƙe hannuna. “In kin je, kin san abin yi. Ki kalli taga.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka haɗu a falon Baba. Uban 'yata yana zaune a ƙasa kan darduma. Ya rame da gaske. Rigar da ke jikinsa ni na saya masa a kasuwar Shahe, kuma maɓalli ɗaya ya tsinke ba wanda ya mayar. Da na ga wurin maɓallin nan sai da na danne hannuna a ƙarƙashin cinya.

Baba ya yi doguwar nasiha a kan haƙuri da zumunci da haƙƙin yarinya. Da ya gama, uban 'yata ya ɗago ya dube ni, irin kallon da na sani tun muna saurayi da budurwa. Na ji kaina yana shirin sunkuyawa. Sai na tuna, na kau da kai, na kafa ido a kan taga, inda wani ya shanya riguna a kan sanda. Na yi shiru ina jiran abin ya wuce ba tare da kowa ya ji kunya ba.

“Alhamdu lillahi,” in ji Baba. “Ka gani ko? Kunya ce. 'Yar mutunci ke nan. Bari in kira kawunta a Kano yanzu, ya wakilta a ɗaura gobe.”

Ya laluba aljihu ya fito da waya.

A nan na gane abin da na yi. Na ɗauko al'adar wasu na kawo falon Baba. A can in mace ta kau da kai an gama magana. A wurinmu in ta kau da kai ta yi shiru, sai a kira masu goro. Babu wata taga da za ta yi mini wannan aiki.

“Baba, dakata.”

Ya tsaya da wayar a hannu.

“Ka gafarce ni. Ni ba budurwa ba ce, bazawara ce, da bakina ake jin amsata. Ina da tambaya ɗaya.” Na juyo na dubi mutumin, ido cikin ido, abin da ban saba yi a gaban manya ba. “Alhaji, in masana'anta ta kira jibi ta ce ɗinki ya karkace, kai kuma ba ka kusa, in tafi ko in zauna?”

Ya kalli Baba. Ya kalli darduma. “Ki bari a ɗaura tukuna, sai mu duba.”

“A'a, yanzu nake so in ji. Ni ba na ɗaukar kaya sai na juya shi.”

Abin da nake girmama shi da shi har gobe, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, “Ki zauna. Ba zan iya ba. Mutane suna magana.”

Na ce, “To na gode da ka faɗi gaskiya. Baba, Allah ya sani ba ƙinsa nake yi ba, kuma ban san ranar da zan daina jin abin da nake ji ba. Amma ba zan koma ba.”

“'Yata, takardar fa? Kin san abin da ake ciki a gari?”

“Na sani. Zan tafi gida kafin ta mutu. Da ƙafata zan fita ta ƙofar filin jirgi, ba wanda zai rako ni.”

“Kasuwarki za ta watse.”

“Da jaka ɗaya na fara ta, Baba. Jakar tana nan.”

Baba ya mayar da waya aljihu, ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Muka ce amin, mu duka uku. Na sauko daga benen na kama hanyar gida.

Kwanakin da suka rage ban zauna ba. Na loda kayan duk wanda ya ba ni aiki, na kira kowace Hajiya na gaya mata halin da ake ciki da bakina, kada ta ji a wurin wani. Wasu suka ce za su jira, na san ba duka za su jira ba. Na bar wa uban 'yata ofis da teburinsa da komai. Ragowar takalman rawa na kai wa Mama ta ajiye mini a ƙarƙashin gadonta.

A Kano na kalli bikin buɗe wasannin, a talabijin ɗin mahaifiyata, 'yata tana kwance a jikina tana tambaya ko na san mutanen da ke buga ganguna. Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Na je neman biza aka ce in dawo, na dawo aka ce ba yanzu ba. Dangi suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tambaya me ya yi mini, ya doke ni ne, ya hana ni abinci ne. In na ce a'a sai su dube ni kamar mai taɓin hankali. Na koma ɗaukar jaka ina shiga gidaje kamar da, don kada hannuna ya manta. Da yawa daga cikin abokan cinikina suka koma wurinsa, ciki har da Hajiyar da ta juya takalmin, ita ce ma ta kira ta gaya mini da kanta, ta ce kasuwa ba ta san ƙawance ba. Na ce haka ne, ni ma da haka zan yi.

Sai bayan an gama wasannin da daɗewa, sanyi ya shigo, aka ba ni biza. Ta 'yan kasuwa ce, gajeriya, sai na riƙa fita ina sabuntawa. Amma sunana ne kaɗai a jikinta. Na kama ɗaki a wani lungu na Dengfeng, Baba ya ba ni kusurwar shagonsa na sa tebur. Mukan haɗu da uban 'yata a hanya, mu gaisa, in tambaye shi jiki, ya tambaye ni yarinya.

Lahadin farko na haye kogi. Mama ta fito mini da kwalayena, ga kuma mata sababbi da suka ji labarin mai takalmi suna ta jira. Na ce wannan karon zan sa a ɗinka musu daidai ƙafar kowacce, na durƙusa ina aunawa. Ina cikin haka aka kunna waƙar matar nan mai kofi biyu. Ta taɓa ni daidai inda take taɓa ni, ba abin da ya ragu. Na dakata da igiyar awo a hannu har ta kai ƙarshe. Sannan na ce wa matar da ke gabana ta miƙo ɗaya ƙafar.